Agogon da ya ce Ramatu tana hutawa

Na fara da gode wa Allah da ya bar mini uwar 'ya'yana, bayan na kai ta bakin kabari da hannuna ina tsammanin kula da ita nake yi. Sunana Isuhu. Mushen lakwal ne ni, wato malamin makaranta, ina koyarwa a wani ƙauye cikin ƙasar Ibohamane, iyalina kuwa suna garinmu, bisa wani tudun duwatsu kusa da Babankatami. Na rubuta wannan saboda duk wanda aiki ya raba shi da majinyacinsa, yana jinya ta salula kamar yadda na yi.

Matata Ramatu ta yi haihuwarta ta uku a ƙarshen damina, namiji, lafiya lau. Aka yi suna, aka buɗe lakwal, na koma bakin aiki na bar ta da mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Kafin ta yi arba'in sai tari ya kama ta, busasshe, ga haki ko da daga ɗaki zuwa madafa ne. Inna ta ce sanyin jego ne, ta ƙara wa ruwan wanka zafi, ta ƙara kanwa a kunu. Gwaggon Ramatu ta aiko da turaren hayaƙi, ta ce iska ce ta shafe ta. A disfansar, wato ƙaramin asibitin garinmu, aka ba ta siron tari da ƙwayoyin zazzaɓi, ko ƙafarta ba a duba ba.

Mako guda bayan haka na zo gida na tarar takalminta ba ya shiga. Na danna yatsa a ƙaurinta, na ɗaga, ramin ya tsaya kamar an danna tuwo. Ta ce ta kwana uku ba ta iya miƙewa bisa shimfiɗa, sai dai ta jingina da bango. Washegari muka bi motar kasuwa zuwa asibitin mishan da ke wajen Madawa.

Tun hantsi muke kan benci, ba mu ga likita ba sai bayan la'asar. Aka yi mata eko, wato hoton zuciya. Likitan dattijo ne, ɗan ƙasarmu, mai magana a hankali. Ya dubi Ramatu ya ce da Hausa, "Zuciyarki ta gaji, ɗiyata. Sai kin huta." Daga nan ya juyo gare ni, da yake ya ji ana ce mini mushe, ya ci gaba da Faransanci. Ya ce zuciyar ta buɗe ta yi laushi, ba ta tura jini yadda ya kamata, abin kan sami wasu mata bayan haihuwa. A bar gishiri, a bar kanwa, a bar wankan ruwan zafi. Ta riƙa ɗan zagayawa cikin gida, amma kada ta ɗauki abu mai nauyi, kada ta hau tudu, kada ta yi daka. Da muka fito Ramatu ta tambaye ni, "Mi yac ce, Mushe?" Na ce, "Abin da yah hwaɗa miki na, ki huta." Duk wancan dogon bayani, abin da na isar mata ke nan. Kwananta tara a asibiti, kumburi ya saɓe, aka sallame mu da ƙwayoyi kala huɗu.

Damuwata ɗaya ce: na san matata. Ramatu ba ta iya zama ta ga ana aiki. Ina cikin wannan tunani sai ga saƙon ƙanena Sani daga Abijan, inda yake ci-rani. Agogon hannu ne baƙi, na roba, wanda in ka taɓa fuskarsa yake nuna yawan takun da ka yi a yini. Na ɗaura shi na fita bayan gari, na yi taku ɗari ina ƙirgawa da baki, ya nuna tis'in da tara. Na sake, ya nuna ɗari da ɗaya. Na sake na uku, ɗari cif. Na ce shi ke nan, na sami ido a gida. Ban yi tunanin cewa ni namiji ne mai lafiya, ina tafiya da sauri, hannuwana suna lilo, kaina ba kaya ba.

Na ɗaura wa Ramatu a hannun hagu, na kafa doka: kada lambar ta wuce dubu biyu a yini. Babu wanda ya ba ni wannan lamba, daga kaina na ciro ta. Kuma don su ɗauki abin da muhimmanci, na faɗa wa Inna da Ramatu cewa likita ne ya ce a ɗaura, shi ke nuna ko zuciya ta sha wahala. Ƙarya na yi, ina ganin ƙaryar alheri ce. Na yi magana da wani Garba mai sharet, wato amalanken jaki, ya riƙa kawo bido, wato jarka, huɗu na ruwa kullum, domin rijiyarmu tana can ƙasa cikin kwari, gidajen kuwa suna bisa tudu. Na koma Ibohamane da kwanciyar hankali.

A ƙauyen da nake aiki ba a samun rezo, wato layin salula ba ya kamawa, sai ka hau wani dutse bayan lakwal. Kullum kafin magariba sai in hau, in kira. Gaisuwa biyu, sai in ce, "Nawa?" Ta duba ta faɗa. Makon farko dubu da ɗari biyu, dubu da ɗari biyar. Na ce madalla.

Ranar Laraba ta mako na biyu ta ce, "Dubu ukku da ɗari takwas."

Na ce, "Ina kinka tahi?"

"Ban tahi ko'ina ba, Mushe. Zamne nike bisa tabarma tun sahe. Tankaɗe niy yi, nig gyara wake, niw wanke tsumman jinjiri."

"Mai zamne bisa tabarma na ka yin taku dubu ukku? Ramatu, ke da ranki kike wasa, ko ni kika maida yaro? Agogo ba shi ƙarya!"

Na yi ta faɗa har wani makiyayi da ke ƙasan dutsen ya ɗaga kai yana kallona. Ta saurara har na gama. Ta ce, "To, Mushe. Ka yi haƙuri." A shekara goma da aurenmu ban taɓa ce mata maƙaryaciya ba sai ran nan, kuma a kan maganar roba.

Daga ranar lambar ta sauka. Ɗari tara, ɗari takwas, wata rana ɗari bakwai. Har na yi wa direktanmu alfahari, na nuna masa yadda ake jinyar zamani, na ce shi ma ya nema wa mahaifinsa mai ciwon suga. Gaskiya ne na ji muryarta tana yankewa a salula, takan tsaya tsakanin kalma da kalma. Na tambaya sau ɗaya, ta ce rezo ne. Na ji tarin ya dawo. Amma da ta ce ɗari takwas sai zuciyata ta kwanta, in ce ai mai hutawa haka ba abin da zai same ta. Jarrabawar ƙarshen zango ta matso, aka ce sufeto yana tafe, na yi fiye da wata guda ban taka gida ba.

Ranar Talata da hantsi ina gaban allo, salula ta yi ƙara a aljihuna, abin da ba ta saba yi cikin aji ba. Maƙwabcinmu ne, Malam Habu. Ya ce, "Mushe, ka taho yanzu. Ramatu ta hwaɗi bisa hanyar rijiya, bido ya hwashe, ba ta magana."

Na ce, "Wace rijiya?"

"Rijiyarmu mana, wadda ka sani."

"Malam Habu, ka diba da kyau, ba ita ta ba. Ramatu ba ta hita gida. Jiya ma ɗari bakwai tay yi."

Ya ce, "Ɗari bakwai na mi? Ni ga ta gabana, muna sa ta cikin sharet."

Ban san yadda na fita ajin ba. Allin yana hannuna har na hau motona, wato babur. Kafin in iso an wuce da ita daga disfansar zuwa asibitin mishan, na bi su can, na isa bayan azahar. Na same ta a jingine, an sa mata robar iska a hanci, leɓɓanta sun yi toka, ƙirjinta yana hawa da sauka kamar na tsuntsun da aka kama. Ƙafafun sun fi na farko kumbura. Inna tana tsugune a ƙasa da jinjiri a bayanta. Na kira sunan Ramatu sau biyu. Ta buɗe ido, ta gane ni, sai ta yi ta ƙoƙarin ɗaga hannun hagu. Na zaci ruwa take so. Na sunkuya, ta ce, "Mushe... ban wuce ba. Diba."

Na duba. Ɗari huɗu da goma sha biyu.

Washegari da safe likitan nan dattijo ya zo zagaye tare da wata ma'aikaciyar jinya, Madam Rahila. Bai tambaye ni komi ba. Ya ja kujera ya zauna gaban Inna, ya gaishe ta, ya ce ta faɗa masa abin da Ramatu ke yi daga safe zuwa yamma. A bakin Inna na ji labarin gidana.

Garba mai sharet ya tafi ci-rani kwana biyu bayan ranar da na yi faɗa. Ya bar aikin ga wani, wannan ya zo sau biyu ya daina. Ba su faɗa mini ba don kada hankalina ya tashi ina cikin jarrabawa. Inna ta ɗauki bido ta gangara rijiya da kanta, ita da ta haura saba'in, gwiwoyinta suna ciwo, ta dawo tana dafa duwatsu. Ramatu ta ce ba za ta zauna tana kallo ba. Ta ce bari ta gwada sau ɗaya su ga abin da agogo zai ce. Ta ɗora bido bisa gammo, ta tallafe shi da hannun hagu, ta gangara a hankali, ta hauro a hankali. Suka duba tare, lambar ko ɗari ba ta ƙaru ba.

Inna ta ce, "Sai munka ce ashe ɗiban ruwa ba shi taɓa zuciya, tankaɗe da wanki su ka taɓa ta, tunda ran da tay yi su agogo ya hau har Mushe yay yi hushi. Sai munka yi musanya. Ni ka tankaɗe, ni ka wanki, ni ka jijjiga jinjiri. Ita ka ɗebo ruwa, sau ukku, wata rana huɗu."

Kwana goma sha tara tana haka. Mace mai buɗaɗɗiyar zuciya, da bidon lita ashirin da biyar a ka, tana hawan tudun da ko jaki sai an taimaka masa. Na tsaya jikin gado ina saurare.

Likita ya kwance agogon daga hannun Ramatu, ya juya shi. Ya ce, "Wa yac ce a ɗaura mata wanga?"

Inna ta dube shi da mamaki. "Ai kai na, likita. Mushe yac ce kai kac ce."

Madam Rahila ta sunkuyar da kai. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Likita bai zage ni ba, da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Ya miƙo mini agogon ya ce in ɗaura, in zauna bakin benci, in yi da hannuna kamar mai tankaɗe. Na yi, ƙafafuna a ƙasa ba su motsa ba. Kafin a ƙirga talatin, agogo ya ba ni taku arba'in da shida. Ya ce da Hausa, yadda kowa a ɗakin zai ji, "Abin ga hannu shika gani. Ba shi ganin ƙahwa, ba shi ganin tudu, ba shi ganin kayan da ab bisa kai. In hannu ya kaɗa, shi ce an yi tahiya. In hannu ya tsaya, ko mutum ya yi tahiya a hankali, shi ce an zamna. Akwai masu kyau da sunka hi wanga, su ma suna kuskure. Ni ban taɓa auna hutun mai ciwon zuciya da taku ba."

Sannan ya juya ga Ramatu da Inna, ya maimaita musu duk abin da ya faɗa mini wancan karo, ɗaya bayan ɗaya, da Hausa. Da ya zo kan hawan tudu da ɗaukar kaya, Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi. Ba mu taɓa jin wagga magana ba."

Kwana goma sha shida muka yi. Ukun farko ba wanda ya ce mana za ta tashi. Allura ce ta fitar da ruwa safe da yamma, ana auna fitsarinta a roba, ana ɗora ta a sikeli kullum. Ranar ta huɗu aka cire robar iska na ɗan lokaci, ranar ta shida ta sha kunu da hannunta, a mako na biyu ta taka zuwa bakin ƙofa tana riƙe da kafaɗar Madam Rahila. Wannan baiwar Allah Kirista ce, kowace safiya takan yi addu'arta a bakin ɗaki kafin ta fara aiki, kuma ita ce ta riƙa juya Ramatu, tana goge mata baya, tana karɓar jinjiri don Inna ta yi salla. Matan da ke jinya a rumfar girki suka riƙa raba mana tuwon da ba gishiri, wata daga Galma har itace ta ba mu. Ba ni da abin biyansu.

Ina da ƙorafi kuma, ba zan ɓoye ba. Da an danna ƙafarta a disfansar tun ranar farko, da ba a kai ga haka ba. Da likita ya yi wa mai ciwon bayani da harshenta tun zuwan farko, maimakon ya ba mushe amana, da ta san tudu haramun ne gare ta. Na faɗa masa haka kafin mu tafi, ya ce na yi gaskiya. Amma kaso mafi girma nawa ne, na sani.

Dangi sun zo, kowa da tasa. Kawuna ya ce sammu ne, a kai ta wajen wani mai magani a Keita. Yayan Ramatu, Abdu, ya ja ni bayan ɗakin ya ce, "Mun ba ka mutum, ka ɗaura mata roba awa akuyar gwamnati. In ba ka iya riƙo, mu tahi da abinmu." Ban ga inda ya yi ƙarya ba. Ramatu ce ta ce ba inda za ta. Motona kuwa a wannan jinya na sayar da shi.

Ranar sallama aka sake eko. Likita ya zaunar da mu biyu, ya ce zuciyar ta fi wancan karon rauni. Mai yiwuwa ta ɗan farfaɗo da magani, mai yiwuwa ta tsaya haka. Wani ciki kuwa, ya ce, zai iya tafiya da ita. Ramatu tana da shekara ashirin da tara. Ba ta yi kuka ba, ta dai gyara wa jinjiri hula, ta yi ta gyarawa har muka fito.

Kwana biyu da komawarmu gida, da safe, na ɗaura agogon, na ɗora bido a ka, na tallafe da hannun hagu, na gangara rijiya a hankali. Matan da ke wurin suka tsaya kallona. Wata ta ce, "Mushe, kawo a ɗebo maka." Na ce a'a. Na cika, suka taya ni ɗorawa a ka, na tallafe da hannun hagu, na kama hanya a hankali yadda Inna ta ce Ramatu ke yi, ina ƙirgawa da baki. A tsakiyar tudu wuyana ya fara rawa. Na ga inda bidonta ya fashe, ɓallin robar rawaya yana nan tsakanin duwatsu. Sau biyu na tsaya ina maida numfashi, ni da ba abin da ke damun zuciyata. Na isa ƙofar gida a taku ɗari shida da tamanin, rigata ta jiƙe sharkaf.

Inna tana zaure. Ta taya ni saukewa, ta kama hannuna ta juya fuskar agogon wajena, don ita ba ta karatu. Ta ce, "Nawa yac ce?"

Na ce, "Sittin da ɗaya."

Ta saki hannuna. Sannan ta ce, "Ni ina ganin ɗiyar ga tana isowa nan, ta jingina ga bangon ga, bakinta buɗe, ba ta iya amsa sannu. Na haihu tara, na san haki na gajiya, na san wanda ba na gajiya ba. Sau biyu ina ce mata ta bari. Ta nuna min hannu ta ce, Inna, bai hau ba. Ni kau in yi shiru, in ce mi tsohuwa ta sani." Ta share ido da bakin zanenta, ta ɗauki moɗa ta shiga ciki.

Yau wata biyar ke nan da sallamarmu. Ramatu tana shan ƙwayoyinta, tana zagaya gida, tana kai wa maƙwabta gaisuwa in ba hawa a hanya. Jinjirin ya fara rarrafe, ita ba ta goya shi, sai dai a ɗora mata bisa cinya. Na nemi a maido ni kusa da gida, ba a amsa ba tukuna, don haka duk Jumma'a nake bin motar kasuwa in zo, in danna ƙaurinta da yatsana, in zauna in ji numfashinta. Ƙanwata ta dawo gidan da zama, ruwa kuwa mutum biyu na ɗauka, in ɗaya ya fasa ɗaya ya kawo.

Wanda ya karanta wannan, in likita ya yi maka bayanin majinyacinka, ka isar masa duka, kada ka taƙaita. In na'ura ta faɗi abu, mutuminka ya faɗi wani, ka tashi ka je ka gani. Ramatu ta ce ta yafe mini tun muna asibiti. Ku taya mu roƙon Allah ya ƙarfafa zuciyarta, ya ba ta ganin girman yaran nan uku.